Jerena Na Motoci Masu Rikiɗa

Yau kan wata sha'awa tawa zan yi magana, wadda abokaina a nan Agege suke min dariya a kanta: tara tsofaffin kayan wasan nan na motoci da ke rikiɗa su koma mutum-mutumi, wato Transformers. Yanzu ina da guda goma sha ɗaya, kuma babu wanda na saya sabo.

Ga wanda bai san su ba, kamfanin Hasbro na Amurka ne ya fito da su a 1984, amma asalinsu na kamfanin Takara ne na Japan, wanda yake sayar da su can da sunan Diaclone da Micro Change. Amurkawa suka raɗa musu sababbin sunaye, suka yi musu katun. Optimus Prime tirela ce, Soundwave rikoda ce mai cin kaset, shi kuwa Bumblebee na farko Volkswagen Beetle ne, irin wadda aka riƙa haɗawa a nan Legas daga 1975. A fim ɗin 2007 ne aka mai da shi Camaro. Yayyena kuma Voltron suka fi sani, mai zakuna biyar da ke haɗewa, wanda suka kalla a NTA tun ba a haife ni ba.

A ina nake samun su? A gwanjo. Idan aka kwance dilar kayan wasan yara a kasuwar Katangowa ta Abule-Egba, sai a zube su a ƙasa, 'yartsana da fashasshen jirgi da komai a cakuɗe. Mai kayan bai damu da shekarar da aka yi abu ba, girmansa yake kallo ya yanka kuɗi. Ni kuwa juya shi nake yi. Na ainihi yana da nauyi saboda akwai ƙarfe a jikinsa, tayoyin da yawansu na roba ne mai laushi, kuma za ka ga an buga sunan Takara ko Hasbro da shekara a ƙarƙashi. Daga 1985 sun ƙara wata baƙar sitika wadda in ka murza ta da yatsa, ɗumin hannunka zai fito da tambarin. Jabu ba ya da nauyi, kuma juyi biyu ƙafa ta ɓalle.

Samu ba shi ne wahala ba, ajiyewa ce. Danshin Legas yana sa kusoshinsu tsatsa, yana ɗaye sitika, rana kuma tana mai da farar roba ruwan ɗorawa. Don haka na sa kafinta ya yi min ƙaramin kabad mai gilashi, na jingina shi nesa da taga.

Nan ne fa aka samu magana da Baba. Shi ɗan kasuwa ne, goro ya gada, sana'ar da ta kawo kakanninmu Agege. A wurinsa kayan da aka saya ba a sayar ba, kuɗi ne aka kwantar. Amma ba wannan ya fi damunsa ba. Ya kira ni ya ce, "Kai yanzu da gemunka za ka jera gumaka a ɗakin da kake salla?" Na ce, "Baba, ai kayan wasa ne." Ya ce, "Na yara. Kai yaro ne?"

Maganarsa da ƙamshin gaskiya. An ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yartsana, shi ya sa malamai da yawa suka sassauta wa yara. Amma baligi ya kafa siffa mai fuska a ɗaki don ado, wannan wata mas'ala ce daban. Ban yi musu da shi ba. Na koma ɗaki na naɗe kowannensu, kai ya shige ciki, hannuwa suka koma ƙofofi. Da ya leƙo sai ya tarar da tirela da motoci da jirgin sama. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, mota dai ba ta da rai." Haka suke zaune har yau. Zakin Voltron guda ɗaya da nake da shi, tunda ba ya zama mota, yana cikin kwali.

Wadda ta fi fahimtata ita ce Inna. Ta ce ai jere ne, kamar kwalla da samirun da aka jera mata ranar aure: ba a cin abinci a ciki, goge su ake yi a kalla. Ita ce ma ke hana jikoki taɓa kabad ɗin.

Wani ya taɓa taya Soundwave ɗina da kuɗin da ya ninka abin da na saye shi sau da yawa, na ce albarka. Baba ya girgiza kai, ya ce ɗan mai goro ya ƙi riba. Na san watarana buƙata za ta iya sa in sayar, don ɗan kasuwa ba ya rantsuwa a kan haja. Kafin nan dai, duk wanda ya biyo ta Agege yana son gani, bismilla, amma da ido kawai.