Jan Biro Ma Yana Da Harshe



Ranar da aka raba takardun jarrabawar gwaji, ido wuri ɗaya yake zuwa: lambar nan da malam ya zagaye a saman takarda. Wanda ya ci ya yi murmushi, wanda ya faɗi ya ninke tasa huɗu ya cusa a aljihu. Bayan kwana biyu sai ka ga an ƙunso maka ƙosai da ita a bakin makaranta. Sauran abin da jan biro ya rubuta a gefe kuwa, babu mai bi ta kansa, alhali a nan maganar take.

Mu 'yan ajin lissafi mai zurfi, wanda muke kira Foda Mas, ba mu da yawa, shi ya sa takardunmu kan dawo da rubutu a gefe. Za ka ga M1, A0, B1, an jera su kamar lambar mota. Wani ɗan ajinmu ya hango A1 a gefen tambaya ta biyu, ya tashi yana rawa wai ya ci A1. Da ƙyar aka zaunar da shi. Wannan A1 ɗin maki ɗaya ne tak, babu abin da ya haɗa shi da na takardar sakamako.

Malaminmu ya ce da irin waɗannan haruffa masu duba WAEC suke raba maki. M makin hanya ne, wato ka san dabarar da ta dace kuma ka kama ta. A makin daidaiton amsa ne, kuma ba a ba da shi sai an ga hanyar da ta kai ka. B kuwa maki ne mai zaman kansa, kamar ka rubuta wata ƙa'ida daidai. Saboda haka mai M1 A0 da mai M0 A0 ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Na farko ya san hanya, tuntuɓe ya yi. Na biyu tun daga ƙofar gida ya ɓace. In ba su karanta gefen takarda ba, duk biyun za su ce "lissafi ya ƙi ni", su sha magani iri ɗaya.

Ga tambayar da ta kayar da rabin ajinmu. An ba mu dy/dx = 2x + 3, aka ce y yana 6 a lokacin da x yake 1, a nemo y. Wannan shi ne mafi sauƙin abin da ake kira difarenshiyal ikweshan: an gaya maka saurin da abu yake canzawa, an ce ka nemo abin da kansa. Abokin zamana, ɗan Kibiya, ya rubuta y = x² + 3x, ya ja layi biyu a ƙasa. Malam ya ba shi M1 A0, ya rubuta "+C?" ya zagaye. Sai ya fusata, wai saboda harafi ɗaya aka cinye masa maki.

Ni a nan malam nake goyon baya, ko da abokina bai ji daɗi ba. A ce an gaya maka ɗan acaɓa ya yi minti ashirin yana gudu iri kaza ya nufi Kano, sai a tambaye ka yanzu yana ina. Ba ka da amsa sai ka san daga inda ya tashi, Rano ne, Rurum ne ko Kibiya. C ɗin nan ita ce tashar da ya tashi. Shi ya sa aka ba mu 6 da 1: ka zuba su, 6 = 1 + 3 + C, sai C ta fito 2, amsa ta zama y = x² + 3x + 2. Wanda ya yar da C ba shi da inda zai zuba waɗannan lambobi, don haka duk makin da ke gaba ya tafi tare da ita.

Akwai kuma wadda ta soke d na sama da d na ƙasa, ta mayar da dy/dx ya koma y/x. Malam ya sa mata alamar tambaya har guda biyu. Ai d ɗin ba lamba ba ce da aka ninka, tana nufin ɗan ƙanƙanin canji: dy shi ne ɗan motsin da y ya yi sa'ad da x ya ɗan gusa. Wani Bajamushe, Leibniz, shi ya ƙirƙiro wannan rubutu a 1675, ya buga shi a 1684. Newton a Ingila ɗigo yake sawa a kan harafi. Daga baya Lagrange ya zo da 'yar sandar nan ta sama, y′. Duk abu ɗaya suke faɗa, kamar yadda kalma ɗaya ke rubutuwa da boko da ajami. Na ga wanda ya buɗe wani littafi ya tarar da y′, ya rufe, ya ce ba a koya mana ba. An koya mana, riga kawai ta sauya.

Abin da ya sa na damu har na rubuto wa wannan allo shi ne maganar da yayana ya yi mini da ya zo hutu. Yana shekara ta biyu a jami'a, kuma kwas guda suke yi a kan irin waɗannan tambayoyi: yadda shayi ke hucewa da sauri da farko sannan ya riƙa jan jiki, yadda ruwan tanki ke zuba da ƙarfi in ya cika, ya rage in ya yi ƙasa. Ya ce, "Ƙanena, ka riƙe takardun nan. Mu a can harafi ɗaya kake gani a sakamako, ka je ka yi ta tunanin inda ka zame." Haka ma WAEC da NECO, ba sa maido wa kowa takardar amsarsa. Abin da ake samu shi ne rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa, wanda ke zayyana raunin ɗalibai a dunƙule, ba naka kai kaɗai ba. Ashe 'yan watannin nan da suka rage mana su ne na ƙarshe da wani zai zauna da jan biro ya bi aikinmu layi-layi.

Ina da roƙo ga malamanmu, cikin ladabi. Mun san a manyan azuzuwa takardu kan yi tsibi, ba kowace za a yi wa sharhi ba. Amma in an raba takardu, a ba mu ko da minti goma a rubuta ma'anar alamomin a allo. Da yawa a cikinmu kunyar tambaya muke ji, kada a ce mun zo neman ƙarin maki.

Abokina dai ya huce, ya ɗauki takardarsa ya bi malam har ofis. Malam bai ƙara masa ko rabin maki ba. Sababbin tambayoyi uku ya rubuta masa a bayan takardar, kowace da tata tashar, ya ce ya kawo ranar Litinin.