Ashe rabin Ɗanƙwairo nake ji tun ina yaro

1/ Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ji kunyar babana a hutun da ya wuce. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ A gidanmu a Liba, kiɗan Alhaji Musa Ɗanƙwairo kamar koko ne da safe. Da a rediyo mai kaset Baba yake sawa. Da ta lalace, ya kai memori kasuwar Jega aka tura masa waƙoƙin, ya koma ji a ƙaramar wayarsa. Waƙar Sardauna kam na haddace ta ba da niyya ba.

3/ Gaskiya ban taɓa sonta ba. A kunnena tsoho ne yake ɗaga murya, bayansa ana ƙwanƙwasa abu kamar gwangwani. Ina sakandare na taɓa ce wa Baba wannan ai hayaniya ce kawai. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: "Kai ba ka jiya ba, yaro." Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

4/ A Aliero, abokin kwanana a hostel yana da babban hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, wansa ya aiko masa. Wani dare babu wuta, karatu ya ƙi shiga, na ara. Cikin wasa na danna waƙar Baba don in yi dariya.

5/ Wallahi dariyar ba ta zo ba. Abin da nake kira gwangwani ashe kotso ne, kuma ba guda ɗaya ba. Wani yana riƙe da ƙasa, muryarsa kauri, wani yana bi ta samansa yana ba shi amsa. 'Yan amshi da na ɗauka dunƙule ɗaya ne, sai ga muryoyi daban-daban, har da mai shigowa a ɗan makare. Har numfashin da makaɗin yake ja kafin ya ɗauko dogon baiti na ji.

6/ Dalilin ba sihiri ba ne. Kunnen matashi yana kama sauti daga kusan hazi 20 zuwa 20,000. Sifikar waya kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta iya tura iskar da sauti mai kauri yake buƙata, sai ta yanke ƙasan kiɗan ta bar ƙwas-ƙwas ɗin sama. Ga kuma matse fayil da ake yi don waƙa da yawa ta shiga memori ɗaya.

7/ Kar in yi muku ƙarya, hedifon ɗin ya fito da aibi ma. Shuuu ɗin tsohon kaset ya ƙara fitowa. Abin da ba a ɗauka ba tun farko, babu na'urar da za ta dawo da shi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, iya abin da aka naɗa shi ke nan.

8/ Da aka yi hutu na roƙi abokina ya bar mini shi na mako biyu. Bayan isha'i Baba yana kan tabarma, na durƙusa na ce, "Baba, gwada wannan." Yanzu kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Ina tsoron ko na makara.

9/ Ya yi shiru kusan minti biyu. Sai na ga yatsunsa suna bugun gwiwarsa, suna bin kotson ƙasa, wanda ni sai bana na san da shi. Ya cire, ya dube ni: "Wanga shi na kiɗin da muka jiya a fili. Yanzu ka jiya?"

10/ Ashe duk shekarun nan, ƙaramar wayar tuni kawai take masa, sauran yana cika shi da abin da ke kansa. Ni da ban taɓa tsayawa gaban makaɗan ba, guntun na ji, na yanke wa duka hukunci.

11/ Na ce, "Na ji, Baba. Ka yafe mini." Ya ce in mayar masa daga farko.

12/ Yanzu ina tara kuɗi daga ɗan abin da ake turo mini in saya masa nasa kafin Sallah. Idan akwai waƙar da tsohonku yake so kuna rainawa, ku nemi abin ji mai kyau ku saurare ta sau ɗaya, sannan ku kai masa tun kunnensa yana ji.