Farar Ƙasar Shafen Sallah

A ƙauyenmu da ke yankin Ƙanƙara, da zarar jakai sun fara shigowa da mangalolin farar ƙasa, mu yara mun san Sallah ta ƙarato. Inna, kakarmu, takan jiƙa ta a tsohuwar tukunya ta kwana, da safe ta dama, ta tace tsakuwar, ta miƙa wa 'yan mata tsumma su bi bango da shafe. Yana ɗanye ruwan toka ne, amma kafin la'asar ɗaki ya yi fari fat, har fitilar ƙwai ɗaya ta wadace shi.

Inna ba ta biyan kuɗi sai ta gwada. Ta karce curin da farce, ta murza garin a yatsu ta ji santsinsa, sannan ta ɗora a harshe. In ya kama harshen, ta ce wa mai jaki, "Malam, sauke." In ta ji yashi a haƙori, ko kyauta ba ta so.

Sai da na girma na san abin da take gwadawa. Masana ma'adinai suna kiran ƙasar kawolin, haɗin silika da alminiyam da ruwa. Asalinta dutse ne irin na tsaunukanmu: ruwan sama da zafi suna cin sinadarin feldisfa da ke cikinsa tsawon dubban shekaru, har ya ruɓe ya zama wannan gari mai laushi. Ba ta kumbura a ruwa kamar laka, kuma da yake ba ta da ƙarfe sosai, ko an gasa ta tana nan fara, ba kamar yumɓun maginan tukwane da ke komawa ja ba. Da ita mutanen Sin suka daɗe suna yin tangaran, Turawa kuwa ba su kafa masana'antarsa ta farko ba sai a 1710, a Jamus.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu ciki suke ɓantarar farar ƙasar suna ci saboda kwaɗayi, ana ganin ba komai. Tana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, ta ƙara musu ƙarancin jini.

Yau fenti ya kori shafe a yawancin gidaje, alhali ana zuba kawolin a fentin kansa, da takarda, da tayil. Daga Ƙanƙara da Alƙaleri manyan motoci ke kwasarta zuwa masana'antun wasu garuruwa, masu haƙa kuwa har yanzu da diga da shebur suke shiga rami.