Kwana Shida a Ƙurɗuba Tare da Baba

Tun da muka dawo ake tare mu a ƙofar masallaci da wajen suna ana tambaya, "Yaya Turai?" Mu kan ce alhamdulillahi mu wuce, domin labarin ya fi ƙarfin gaisuwar tsaye. Shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta shi gaba ɗaya.

Mu shida muka tafi: Baba, mu biyu, da yara uku. Ƙanwarmu da ke karatun aikin gona a ƙasar Sifaniya ita ta matsa mu zo kafin ta kammala, kuma ta ce lallai a watan Mayu. Mun shekara muna tara kuɗi, mun yi ta jelen biza. Da farko Baba ya ƙi, ya ce shi da ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa, in zai hau jirgi to gabas zai nufa. Wata rana ya tambayi sunan garin, aka ce masa Kordoba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba Ƙurɗuba ba ce? Garin Alƙurɗubi mai tafsiri?" Da aka tabbatar masa, washegari da kansa ya ɗauko fasfo ya miƙo.

Daga Legas muka sauka Madrid, muka shiga jirgin ƙasa mai gudu, bai cika awa biyu ba sai ga mu a Ƙurɗuba. Ƙanwarmu ta riga ta gargaɗe mu kada mu ɗauko kilishi, domin doka ta hana shiga da nama ƙasashen Tarayyar Turai, don haka yaji da kuka da garin kunu kawai muka riƙo. Lokacin da muka je shi ake fassara mana da bazara, amma bai yi kama da tamu bazarar mai ƙuna ba. Da safe akwai iska mai ɗan sanyi, da rana a yi zafi daidai misali, ko'ina kuma fure ne. Abin da ya fi rikita mu shi ne rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Daren farko auta ta yi barci da yunwa tana jiran a yi magariba a ci abinci kamar yadda ta saba.

Washegari muka fara da bakin kogi. Sunansa Guwadalkibir, kuma da Baba ya maimaita shi sau biyu sai ya yi dariya ya ce ai Wadil Kabir ne, wato babban kwari, bakinsu ne ya tauna shi. Gadar da ke kansa tun zamanin Rumawa aka kafa ta, tana da baka goma sha shida, yanzu masu tafiya a ƙasa kawai ke bi. Daga tsakiyarta ake hango babban masallacin, ya shimfiɗu kamar unguwa guda.

Kafin mu shiga, ƙanwarmu ta zaunar da mu a harabar da aka shuka itatuwan lemo a jere, inda a da ake alwala, ta yi mana bayani. Musulmi sun shigo ƙasar a shekarar 711. Abdurrahman na ɗaya, wanda ya tsere daga Sham bayan faɗuwar daular Banu Umayya, shi ya fara ginin a wajen shekarar 785, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara ɗari biyu. A 1236 Sarki Fadinan na uku ya ci garin, aka mai da ginin coci. A 1523 kuma aka fara gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Hasumiyar kiran salla tana nan, amma an lulluɓe ta da hasumiyar ƙararrawa. Sannan ta dubi Baba ta ce, "Baba, ba a yarda a yi salla a ciki ba, ko raka'a biyu. Ka sani tun yanzu." Ya ce ya ji.

Mun sha ganin hotonsa a waya, amma hoto bai shirya mu ba. Ginshiƙai sama da ɗari takwas, bisa kowane jeri baka biyu, ɗaya kan ɗaya, da zanen ja da fari. Duk inda ka juya sahu ne ya miƙe. Yara da suka shigo da surutu sai suka yi tsit ba wanda ya tsawata musu. Baba yana tafe a hankali da sandarsa har muka isa mihrabin da Halifa Alhakam na biyu ya gina, wanda aka ƙawata da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. Akwai shinge a gabansa, daga baya ake tsayawa. Baba ya gyara tabarau ya fara karanta rubutun Larabcin da ke kewaye da bakan, harafi bayan harafi, domin irin tsohon rubutun Kufa ne mai wuyar ganewa. Leɓensa na motsi, hannunsa na kan shingen. Muka tsaya a bayansa ba mu san abin da za mu ce ba. Ya daɗe a haka, sannan ya share ido da gefen rawaninsa ya ce, "Mu tafi."

Babban ɗanmu, mai shekara goma sha huɗu, shi ya ɓullo da wata magana. Ya buɗe manhajar alƙibla a wayarsa, ya ga mihrabin ya fi karkata kudu, alhali Makka daga can tana wajen gabas. Ya nuna wa kakansa cike da murna, kamar ya kama mutanen da da laifi. Amma da Turanci ya yi bayanin, domin Hausarsa ba ta kai ta ɗauki irin wannan zancen ba. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Abokina, ka iya gano kuskuren mutanen da suka rasu shekara dubu, amma ba ka iya faɗa wa kakanka da harshen da zai ji ba?" Cikin raha ya faɗa, irin wasan kaka da jika, yaron ma ya yi dariya. Mu iyayensa ne dariyar ta maƙale mana.

A Agege aka haifi yaranmu. Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, Turanci na makaranta, ga burokan na titi. Hausa suna ji, amma in ka yi musu magana da ita sai su amsa da wani harshen. Mun daɗe da ganin haka muna cewa in sun girma za su gyara. Ba mu taɓa jin nauyin abin ba sai a cikin wancan ginin.

Da yamma muka zaga tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna, wasu ma mutum biyu ba sa jerawa. Kusa da ganuwa akwai mutum-mutumin Ibn Rushd, wanda aka haifa a garin a 1126. Turawa sun san shi da falsafa, Baba kuwa da littafinsa na fiƙihu, Bidayatul Mujtahid, ya san shi. Ba nisa da nan akwai na Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa kuma likita, shi ma haifaffen garin, da wata ƙaramar majami'ar Yahudawa ta shekarar 1315. A nan Baba ya zauna ya huta gwiwa, ya fara lissafa mana mutanen garin da ya sani ta hanyar karatu. Alƙurɗubi mai tafsiri ya bar garin, a Masar ya rasu a 1273. Sai kuma Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu da lokacin Mauludi: a Ƙurɗuba aka haife shi, ya rasu a 1230, shekara shida kafin garin ya fita daga hannun Musulmi.

"Tun ina ɗan shekara tara nake rera baitocin mutumin nan," in ji Baba, "ban taɓa zaton zan taka ƙasar da ya taka ba." Ya ɗan rera kaɗan ƙasa-ƙasa, mutane na wucewa da kyamarori. Ba mai waiwayowa, domin a garin da aka haifi mai waƙar ba mu ga alamar akwai wanda ya san ta ba. Tsoho ne daga Najeriya ya dawo da ita a ka. Muka dubi yaranmu uku, babu ko ɗaya da ya iya baiti guda.

Kwana na uku muka je Madinatuz Zahra, kimanin kilomita takwas yamma da gari. Abdurrahman na uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, shi ya gina ta don ta zama fadar mulki. Ba ta cika shekara tamanin ba aka wargaza ta, kuma ba baƙi ne suka yi ba, yaƙin basasa ne tsakanin Musulmin kansu, a wajen 1010. Daga baya mutane suka riƙa kwasar duwatsunta suna gini, ƙasa ta binne sauran. Yau kaɗan daga cikinta aka tono. Jan fure ya fito a tsakanin kangayen, yara suna ta guje-guje, Baba kuwa ya samu inuwa ya zauna yana jan carbi. Abin da kawai ya ce shi ne, "In gida ya tsage daga ciki, mai shigowa ba ya buƙatar gatari."

Dalilin da ƙanwarmu ta nace kan watan Mayu sai a rana ta huɗu muka gane shi. A makonni biyun farko na watan, mutanen gari kan buɗe tsakar gidajensu kowa ya shiga ya kalla kyauta, ana gasar wanda ya fi ƙawata nasa. An fara gasar a 1921, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake karewa. Mun bi layi a unguwar San Basiliyo. Daga titi bango ne fari da ƙofa, ba abin da zai ja hankali. Sai ka ratsa wani ɗan soro, tamkar zaurenmu, ka faɗa tsakar gida: rijiya a gefe, bango shafe da farar ƙasa, tukwanen fure rataye tun daga ƙasa har kusa da rufi. Uwar yaran ta tsaya ta ce, "Wannan ai gidan Inna ne a Zariya, fure kawai aka ƙara."

A wani gida muka tarar da dattijuwa tana ba furannin ruwa da doguwar gora wadda aka ɗaure wa gwangwani a kai. Ta ciko, ta ɗaga, ta tsiyaya a tukunya ɗaya, ta sauke, ta sake cikowa. Ta bakin ƙanwarmu muka tambaye ta ko don biki take wannan wahala. Ta yi dariya ta ce biki mako biyu ne, ban ruwa kuwa shekara ce gaba ɗaya, kuma in zafi ya shigo aka yi sakaci na 'yan kwanaki, shi ke nan. Ta ce damuwarta ita ce jikokinta sun koma gidajen bene, ba ta san wanda zai karɓi gorar ba. A wani ɗan fili na unguwar akwai mutum-mutumin wani tsoho yana miƙa wa yaro tukunyar fure, yaron na kan tsani. Baba ya tsaya gabansa ya kira babban ɗanmu ya ce a ɗauke su hoto a nan. Shi ne hoto ɗaya tak da ya nema da bakinsa a duk tafiyar.

Abinci bai ba mu wahala sosai ba, in dai an kula. Suna da wata miya mai kauri ta tumatir da burodi da man zaitun da ake sha da sanyi, salmoreho, amma bisa al'ada ana barbaɗa mata naman alade, don haka kullum sai mun ce a cire. Soyayyen yalo da zuma kuwa har Baba ya nemi ƙari, bayan ya zuba masa yaji. Ranar Juma'a muka yi salla a wani ƙaramin masallaci da ke cikin lambun Kolon, tare da 'yan Maroko da 'yan Senegal. Ɗan ɗaki ne idan aka kwatanta da wancan, amma a nan Baba ya sa goshinsa a ƙasar Ƙurɗuba, ya fito fuskarsa a sake.

A jirgin ƙasa na komawa Madrid, yara sun yi barci, muka yi maganar da muka daɗe muna kauce wa. Baba bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi littattafansa suna cikin akwati biyu a ɗakinsa, kuma bai san wanda zai buɗe su bayansa ba. Muka rasa amsa, domin mu kanmu rabonmu da zama gabansa da littafi tun kafin aure.

Yanzu wata biyu ke nan da dawowarmu. Mun sa doka a gida: daga magariba zuwa barci Hausa kawai, har mu manya. Makon farko gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa, auta ma ta yi yajin magana. Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar yaran kan je ɗakin Baba, yana koya musu Ishiriniya da karatun ajami. Babban ya haddace kaɗan, yana rerawa da wata irin murya da ke sa kakansa dariya har da tari. Ta tsakiya ta fi shi saurin kamawa. Wani makon a yi, wani makon jarrabawa ko ƙwallo su cinye lokacin, sai mun sake tunatarwa. Ba mu san ko zai ɗore ba.

Uwar yaran kuma ta sayo tukwane bakwai ta jera a ɗan filin da ya rage mana a bayan gida, bayan shagunan da muka gina sun cinye tsakar gidan. Biyu sun riga sun bushe. Sauran biyar auta ce ke ba su ruwa kowace safiya kafin ta tafi makaranta, da gwangwanin madara.

Masu yara a nan kudu, muna son jin yadda kuke yi da naku a gida. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya shirya mana zuriya. Amin.