Hanyar Pamir: kafin a hau keke

A shekarar 1884 Thomas Stevens ya tashi daga San Faransisko bisa keke, ya isa Yokohama a 1886, tambaya ce jagorarsa. Yau kuwa, mai niyyar kewaya duniya da keke yakan soma shiri a intanet tun yana gida.

Hanyar Pamir ta isa misali. Masu keke kan kama ta daga Dushanbe, babban birnin Tajikistan, su ratsa duwatsu har Osh ta ƙasar Kirgizistan. A mashigin Ak-Baital, bisanta ya kai mita 4.655. Numfashi na wuya, sanyi na cizo, ƙauyuka sun yi wa juna nisa. Wanda ya kuskure lissafin guzuri a nan, ransa ya sa a caca.

Taswirar OpenStreetMap, da aka soma a 2004, ana zuba ta cikin salula, ta yi aiki ko babu rezo. Warm Showers, tun 1993, tana haɗa matafiyi da mai masauki kyauta. Caravanistan kuma tana bayanin biza da takardar izinin shiga lardin Badakshan, wadda ake tambaya a shingayen hanya.

Sai dai labari yana tsufa. An rufe iyakar ƙasashen biyu a 2021 bayan faɗa, ba a buɗe ta sosai ba sai 2025. Shi ya sa gwanayen tafiya ke duba ranar da aka rubuta kowane bayani, sannan su tambayi wanda ya fito can jiya, kamar yadda fatake ke yi a zango.