Mai da Ruwa a Idon Kyamara

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya yi hunturu a Manchesta ya san a watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, zaman ɗaki kuma ya yi ta cin rai. Ni dai abin da ke rage mini kewar gida shi ne ɗaukar hoton mai a kan ruwa.

Abin ba ya cin kuɗi. Nakan zuba ruwa a faffaɗan kwanon gilashi, in ɗora shi bisa littattafai biyu, in shimfiɗa atamfa a ƙarƙashi, in haska fitila daga gefe, sannan in ɗiga man gyaɗa. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso, kowane ɗigo ya kwaso launin atamfar. Ɗan sabulun wanke-wanke kan sa ɗigon su dunƙule sosai. Manjan da nake sayowa a kasuwar Bull Ring ta Bamingam kuwa sai an ɗumama shi, domin sanyi na daskarar da shi.

Ku gwada, ko da kyamarar waya ce, ku matso da ita kusa. Duk daren da na ga atamfar Kantin Kwari cikin ɗigo guda, nakan kwanta da sauƙin zuciya.