Rumbun da Na Rushe a Garwa

A watan Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, ina tattara kalmomin Hausa da suka shiga Fulatanci a tsohuwar kwamfutata mai RAM gigabait 4. Wuri ya ƙure mini, sai wani aboki ya ce in kashe pagefile.sys, wato rumbun da Windows ke juye abin da ƙwaƙwalwar na'ura ta gaza ɗauka. Na kashe, har da murna. Ina buɗe ƙamus da burauza tare, manhajar rubutu ta rufe ba sallama, aikin yini guda ya salwanta. A daren na mayar da rumbun, na bar Windows ta yanka masa girma. Hotunan bikin ƙanena ne suka ƙaura zuwa filashi.